Kafin a sayo mana jirgin ƙarƙashin teku, a fara tambayar batirinsa

Assalamu alaikum Malam Edita,

Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatanka, don Allah ka ɗan ba ni fili in sa baki a wata muhawara da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa tsakanin matasanmu, wato wai me ya sa Najeriya da girmanta da arzikinta ba ta da jirgin yaƙi mai nutsewa ƙarƙashin teku ko guda ɗaya, alhali Aljeriya na da shi, Masar na da shi, Afirka ta Kudu ma na da guda 3. Duk sanda wani ya sa hoton irin jirgin nan a Facebook sai ka ga an cika wurin da "mu sai yaushe", wasu har da zagin shugabanni. To ni dai ba soja ba ne, sana'ata haɗa sola da inbata a nan Gombe, tsakaninmu da teku kuwa tafiya ce mai nisa, amma abin da ya sa na ga ina da ta cewa shine jirgin nan da ake wa kallon ƙarfe da makamai, rabin labarinsa labarin batir ne, batir kuwa mu muke kwana da shi muke tashi da shi. Ra'ayina a taƙaice, ba jirgin ba ne ya kamata mu fara nema, sanin batirin ne, da ƙananan na'urorin da ke shiga ruwa ba mutum a ciki.

Ga yadda abin yake. Injin dizal ba ya aiki sai da iska, a ƙarƙashin ruwa kuwa babu inda zai jawo ta, in aka kuskura aka tada shi a rufe nan da nan zai shanye wadda mutanen ciki ke numfashi da ita. Saboda haka jiragen da ba na nukiliya ba, irin na Masar da Afirka ta Kudu da Jamus ta ƙera musu da na Aljeriya da ta sayo a Rasha, tsarinsu ɗaya ne da gidan da ke da janareta da inbata, in jirgi ya taso sama sai a tada inji a cika batura, in ya nutse a kashe inji komai ya koma kan batir, farfela da fitilu da na'urar sauraren motsi da famfunan ruwa da abin tace iska har da murhun da ake dafa wa sojojin abinci. Bambancin kawai kai in inbatarka ta fara kuka tsakar dare tsaki za ka yi ka ja tabarma ka fita tsakar gida, shi kuwa kwamandan jirgi in caji ya yi ƙasa dole ya taso ya nemi iska ko yana so ko ba ya so, kuma a nan ne abokin gaba ke dakonsa da jirgin sama da rada.

Kuma ba yau aka fara wannan ciwon kai ba. A yaƙin duniya na biyu, jirgin da Jamus ta fi ƙerawa, samfurin Type VIIC, in a saman ruwa ne da dizal yana iya cin sama da kilomita 15,000 kafin mai ya ƙare, amma da ya nutse ya koma batir abin da zai iya bai wuce kilomita 150 ba, shi ma sai in ya lallaɓa da gudun kilomita 7 a awa. Ka ga kenan yawancin rayuwarsa a sama yake yi, nutsewa sai ta kama dole. Na Amurka na wancan lokacin, samfurin Gato, sel 252 suke ɗauka, wato ƙwayoyin da ake jerawa su zama batir, kowane sel guda nauyinsa wajen kilo 750 tsayinsa ya kai ƙirjin mutum, mu da muke kama batirin tubula mai 220Ah mutum biyu muna nishi ita duka-duka kilo 60 da wani abu ce, to ka lissafa, batir kaɗai kusan tan 190 a cikin jirgi ɗaya, kuma duk wannan uban nauyi abin da zai ba su shine awa 48 a ƙasa in suna tafiyar da ba ta kai kilomita 4 a awa ba. Abin da ke cikin baturan nan kuwa ba wani sirri ba ne, dalma ce da ruwan asid, fasahar da wani Bafaranshe Gaston Planté ya fito da ita tun 1859, wadda har yau ita ce ke tada motarka, kuma har yau ita ce a cikin mafi yawan jiragen ƙarƙashin teku na duniya.

Tushen matsalar lissafi ne. Kilo ɗaya na batirin dalma wutar da yake riƙewa wat 30 zuwa 50 ne na awa guda, litiyam kuma 150 zuwa 250, amma kilo ɗaya na man dizal ƙarfin da ke cikinsa ya kusa 12,000, ko da inji ya ɓarar da fiye da rabi a zafi da hayaƙi har yanzu tazarar ba ta misaltuwa. Sannan ruwa ba ya yafe gudu, in ka ninka gudunka sau 2 wutar da za ka sha sai ta ninka kusan sau 8, shi ya sa batirin da zai yi kwana biyu ana lallaɓawa, in aka taka shi da ƙarfi ana gudun tsira awa ɗaya ko biyu ya gama. Mutanen Holan suka yi amfani da dabarar dogon bututu da ake leƙo da shi saman ruwa jirgi na ɗan nutse ya jawo wa injinsa iska, Jamusawa suka ɗauka suka sa wa nasu wajen ƙarshen yaƙin, kuma har gobe da shi ake caji. Sai dai inji na ƙara, hayaƙi na fita, kan bututun kuma rada na ganinsa.

Yanzu bari in zo wajen da ya fi ba ni tsoro. Duk wanda ya taɓa shiga ɗakin batura da aka rufe tagoginsa ana caji ya san warin nan mai yaji da ke kama maƙogwaro, in ka buɗe murfin sel kuma za ka ga ruwan ciki na ta fitar da ƙananan kumfa, ga farin garin nan mai ɗan kore da ke taruwa a kan tamina yana cin waya a hankali. Warin na asid ne, wannan da sauƙi, kumfar ita ce matsala don iskar haidurojin ce ke fita, ba ta da wari ba ta da launi, kuma da ta kai kashi 4 cikin 100 na iskar ɗaki tartsatsi ɗaya ya isa ta kama. Shi ya sa kullum nake faɗa da masu gida, musamman hajiyoyinmu, masu cewa a tura baturan cikin sito a kulle don kada su ɓata wa falo ado. To ka ɗauki wannan ka ninka shi sau ɗaruruwa ka rufe a cikin ƙarfen da ba taga ko ɗaya, mutum 40 na barci a samansa. Ƙari a kan haka in ruwan teku ya shiga batura gishirin cikinsa na haɗa wayoyi, kuma yana fitar da iskar kulorin, gubar da aka yi amfani da ita a kan sojoji a yaƙin duniya na farko.

Abin da ya faru da jirgin Ajantina mai suna San Juan kenan. Jamus ta ƙera shi, sel 960 ne a cikinsa, kuma da za a canja masa injuna da batura a babban gyaran da aka yi masa sai da aka yanka jikin jirgin gida biyu aka sake ɗinke shi. Ranar 15 ga Nuwamba 2017 yana hanyarsa daga Ushuaia zuwa Mar del Plata cikin mummunan yanayi, ya aika saƙo cewa ruwa ya shigo ta hanyar iska ya taɓa baturan gaba, wayoyi sun haɗu har wuta ta fara tashi. Daga nan ba a sake jin ɗuriyarsu ba, mutum 44, sai dai na'urorin da ke sauraren gwajin nukiliya a teku suka ɗauki wata ƙara mai ƙarfi daga wajen. Ƙasashe da dama suka shiga nema da jiragen ruwa da na sama ba a dace ba, sai bayan shekara guda cur, Nuwamban 2018, aka gano tarkacensa a zurfin mita 900 da ɗoriya. Kuma ka san da me aka gano shi? Wani kamfani ne mai suna Ocean Infinity da ƙananan na'urorinsa marasa matuƙi masu aiki da batir. Ajantina fa ta shekara da shekaru tana da irin jiragen nan da ƙwararrunta, ba sabon shiga ba ce, gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Wani zai ce ai sai a sayo na nukiliya a huta. Gaskiya ne tun da Amurka ta fito da Nautilus ya fara tafiya a 1955, har ya ratsa ƙarƙashin ƙanƙarar ƙarshen arewacin duniya a 1958, jirgin nukiliya ba ruwansa da iska, abinci ne kawai ke dawo da shi gida. Amma ƙasashe 6 ne ke da shi, Amurka da Rasha da Ingila da Faransa da Cana da Indiya, wannan ba layinmu ba ne, kuma su ɗin ma kowane na ɗauke da katon batir na ko-ta-kwana don ranar da injin zai tsaya. Suwidin da Jamus kuma suka bi ta tsakiya, suna ɗaukar iskar oksijin a tanki don samar da ɗan wuta a ƙasa ba tare da tasowa ba, da haka jirgi kan yi sati biyu a nutse in tafiyar a hankali ce. Wani ƙaramin jirgin Suwidin mai suna Gotland da Amurka ta yi haya a 2005 don atisaye, sai da ya sulale ta tsakanin masu gadin katafaren jirginta mai ɗaukar jiragen sama, Ronald Reagan, ba a ji shi ba. Amfanin tafiya da lantarki kenan, shiru.

Sai kuma litiyam, wanda yanzu kowa a kasuwarmu shi yake tambaya. Kamfanin Sony ya fara sayar da shi tun 1991, amma sai a watan Maris na 2020 Japan ta zama ta farko da ta sa jirgin yaƙi na ƙarƙashin teku mai batirin litiyam cikin aiki, sunansa Oryu, kamfanin GS Yuasa ya yi baturan, kuma sababbin jiragenta samfurin Taigei duk haka suke zuwa, Koriya ta Kudu da Italiya na bin sahu. Kusan shekara 30 kenan tsakanin wayar hannu da jirgin ruwa, kuma ba don sojoji ba su san daɗinsa ba ne, ya fi riƙe wuta, ya fi saurin cika, wato lokacin da jirgi zai ɓata yana leƙo da bututu ya ragu, ba ƙara ruwa ba kumfa, kuma in ka ja shi da ƙarfi ba ya durƙushewa kaman dalma. Tsoro ne ya hana su. Sel ɗin litiyam in ya yi zafi ya wuce ƙa'ida da kansa yake hura kansa, ya kama na kusa da shi, na kusa ya kama na gaba, kuma wasu nau'o'in daga jikinsu iskar da ke ciyar da wutar ke fita, don haka toshe iska ba ya kashe ta. Amurka ta ɗanɗana a Nuwamban 2008 a Hawaii, wani ƙaramin jirgin nutso da aka yi wa zaratan sojojinta na ruwa ya kama wuta ana cikin yi masa caji, ya ci awanni yana ci, kuɗin gyaran ya yi yawa har aka haƙura da shi gaba ɗaya. Rasha kuma a Yulin 2019 wuta ta tashi a ɗakin baturan jirginta na bincike mai zurfin nutso da ake kira Losharik, hafsoshi 14 suka rasu.

Shi ya sa wasu masu ƙira suka fi karkata ga nau'in nan mai ƙarfe da fosfet, wanda kake ganin an rubuta LiFePO4 a jikin akwatin batirin sola, bai kai sauran riƙe wuta ba amma ya fi su haƙuri da zafi. Kuma ko wane iri ne rayuwarsa na hannun ɗan allon nan da muke ce wa BMS, mai lura da kowane sel kada ya cika ya wuce ko ya zube ƙasa ko ya yi zafi. Na sha buɗe batirin da aka kawo min ya mutu in tarar sel-sel ɗin lafiyarsu ƙalau, allon ne na banza aka sa don a rage kuɗi, wani ma tsofaffin sel aka wanke aka manna wa sabuwar takarda. A gida asarar kuɗi ce da ɓacin rai, a ƙasan teku kuwa ba wanda zai dawo ya kai ƙara.

Makamin da jirgin ke harbawa ma, wato topido, nasa batirin daban ne kuma ni shi ya fi burge ni. Buƙatarsa ta saɓa wa ta jirgi, ana so ya zauna shekaru a ajiye bai lalace ba bai zube ba, ranar da aka harba shi kuma ya juye duk ƙarfinsa cikin 'yan mintuna. Dabarar da suka yi ita ce a bar batirin a bushe ba ruwa a cikinsa sam, sai an harba ruwan teku ya kutsa ciki sannan ya farka. MU90 na Faransa da Italiya, da F21 na Faransa, da Black Shark na Italiya, alminiyam da azurfa ne a cikin nasu, Sting Ray na Ingila kuma magniziyam da azurfa. Eh azurfa dai da ka sani ta zobe, shi ya sa suke da ɗan karen tsada, kuma sau ɗaya ake amfani da su, don haka wajen atisaye wasu kan sa na litiyam mai caji a harba a je a tsamo shi a sake. Akwai masu aiki da mai, Amurka har yanzu babban topidonta Mark 48 da mai yake tafiya, amma abin da ya faru da jirgin Rasha Kursk a Agustan 2000 ya ƙara wa masu son batir hujja, sinadarin da ke tuƙa wani topido ne ya yoyo ya fashe ya tada sauran, mutum 118 ba wanda ya fita.

To duk wannan na manya ne. Inda nake so hankalinmu ya koma shine ƙananan na'urorin nan marasa matuƙi, wasu mutum biyu za su ɗaga su jefa daga kwale-kwale, wasu sai da ƙugiya, ana tsara musu hanya a kwamfuta su nutse su yi ta zagaye suna zana hoton ƙasan ruwa da sauti su dawo. Da irinsu sojojin ruwan Amurka suka nemi nakiyoyi a tashar Umm Qasr ta Iraƙi a 2003. Da irinsu aka gano jirgin saman Air France da ya faɗa tekun Atlantika a 2009 da mutum 228, a zurfin kusan mita 4,000, sai a 2011, kuma abin da ya ƙara ja wa neman tsawo har da batir, don ɗan abin da ke ƙara a jikin baƙin akwati kwana 30 kawai aka yi batirinsa ya yi, daga baya ne aka mai da ƙa'idar kwana 90. Su waɗannan ba janareta ba bututu, abin da batir ya ɗauka shine iyakar aikinsu, manyan cikinsu kwana ɗaya zuwa uku su dawo caji. Akwai wani iri da ba shi da farfela ma, nauyinsa yake ɗan canjawa ya yi ƙasa ya yi sama fukafukai na tura shi gaba, irinsa ne wata jami'ar Amurka mai suna Rutgers ta saka a ruwa a 2009 ya tsallaka Atlantika har Sifen cikin kwana 221. Yanzu kuma ana ta gwada tashoshin caji da ake dasawa a ƙasan teku na'ura ta je ta zauna ta sha wuta ba tare da an jona waya ba.

Wahalar batirinsu biyu ce, matsi da sanyi. Kowane mita 10 ka nutsa nauyin da ke danne ka na ƙaruwa da kwatankwacin na iskar duniya gaba ɗaya, a mita 1,000 kilo 100 ne ke zaune kan kowace santimita ɗaya tsawo da faɗi. Ko dai ka rufe batir cikin tulun ƙarfe mai kauri, nauyi ya cinye maka ribar, ko ka tsoma sel-sel ɗin cikin mai a jaka mai motsi yadda matsin ciki da na waje za su zo ɗaya. Sannan can ƙasa ruwan bai wuce digiri 4 ba ko da a tekun ƙasa mai zafi ne, sanyi kuwa na rage wa batir kuzari. Mu a nan akasin haka ke kashe mana kaya, zafin Maris da Afrilu, don batirin dalma duk ƙarin digiri 10 a kan 25 na raba kwanansa biyu. Na'urar da za ta yi aiki a ruwan Najeriya duka biyun za ta sha, ta gasu a kan jirgi da rana sannan a jefa ta cikin sanyi, wanda aka ƙera don tekun Norway ba lallai an yi masa wannan lissafin ba.

Me muke da shi a ƙarƙashin ruwa da ke buƙatar ido? Gaɓar tekunmu kilomita 853 ce. Rijiyoyin man Bonga na da nisan kilomita 120 daga gaɓa a ruwan da zurfinsa ya wuce mita 1,000, inda ba ɗan adam ɗin da zai nutsa da jikinsa, ga bututan mai da ake fasawa ana sata. Ga wayoyin intanet, ka tuna 14 ga Maris 2024 da guda 4 suka katse lokaci ɗaya ta wajen gaɓar Kodebuwa, manhajojin banki da POS suka riƙa ba mutane wahala har nan arewa, mutumin da bai taɓa ganin teku ba ya kasa tura kuɗin cefane saboda abin da ya faru a ƙasanta. Jirgin yaƙi mai mutum 40 ba shi zai duba maka waya ko bututu ba. Kuma ba sai teku ba, jirgin ruwan da ya kife a Patigi ta jihar Kwara a Yunin 2023 sama da mutum 100 ya ci, kafin shi ga na Warrah a Kebbi a 2021, kuma kullum masunta ne ke faɗawa ruwa mai laka da numfashinsu kawai suna lalube da hannu, Allah ya saka musu, iyalai na zaune a bakin ruwa kwana da kwanaki. Ga madatsun ruwa irin Dadin Kowa da Gubi da jikinsu na ƙasa ke buƙatar dubawa lokaci-lokaci, bayan ambaliyar da muka gani a Maiduguri da madatsar Alau ta ɓalle a Satumban 2024 ba sai an yi wa kowa dogon bayani ba. Ga sojojin ruwanmu a Baga bakin tafkin Chadi.

Kuma abin takaicin, kayan haɗin a ƙasarmu suke. Dalma na nan a Zurak ta ƙaramar hukumar Wase a jihar Filato, maƙwabtanmu, tana nan a Ebonyi. Litiyam na nan a Nasarawa da Kaduna da Kwara, an ma buɗe masana'anta a Nasarawa a 2024, amma aikinta niƙa dutse da tace shi ne a loda a fitar, sel ɗin a Cana ake yi ya dawo mana da tsada. Zimbabuwe tun ƙarshen 2022 ta hana fitar da ɗanyen nata. Abin da muke samu daga dalma kuwa gubar ce, yara sama da 400 suka mutu a Zamfara a 2010, kuma je ka bayan kasuwa ka ga yadda 'yan gwangwan ke yi da mataccen batir, a sa gatari a fasa, a tuntsurar da asid a ƙasa inda awaki ke kiwo, yaro ya zaro farantan dalmar da hannu ba safa ba takunkumi ya je ya ci abinci da hannun.

Ban ce gobe za mu fara ƙera sel ba, wannan masana'anta ce ta biliyoyin daloli kuma ko Turawa na fama da Cana a kai. Amma haɗa sel su zama batir, da ƙera allon BMS, da rufe shi yadda ruwa ba zai shiga ba, da gwada shi a zafi da sanyi da matsi, wannan ba abin da ya fi ƙarfinmu ba ne. Yaran da ke gyaran waya a kasuwa yanzu haka suna farke mataccen batirin laftof su ware masu rai su haɗa abin cajin waya da fitila, ba wanda ya koya musu a aji. Rundunar sojan ruwa da kanta ta ƙera jirage a Legas, Andoni a 2012, Karaduwa a 2016, Oji a 2021, ta sayo jirgin auna teku Lana daga Faransa, tana da kwaleji a Dawakin Tofa ta Kano, hukumar kimiyya da injiniya ta NASENI na haɗa faifan sola a Karshi. Me zai hana rundunar ta ware ɗan abin da bai kai kuɗin fentin jirgin ƙarƙashin teku ba ta ba jami'ar ATBU ta Bauchi da jami'ar Kashere da ta jihar Gombe da kwalejin kimiyya ta tarayya da ke Bauchi, a ce kowace ta fito da na'urar da za ta nutse mita 20 ta yi awa 4 ta dawo da hoto, a je Dadin Kowa a gwada a gaban jama'a? Na farko zai sha ruwa ya mutu, na biyu ma haka, a nan ake koyo, ba a fafe gora ranar tafiya. In ba haka ba ko an sayo jirgin da matasa ke kuka a kai, bayan 'yan shekaru batura za su gaji, a nemi dala a rasa, a ɗaure shi a Apapa yana tsatsa muna jiran Bature ya zo.

Roƙona gare ka Malam Edita, ka tura wakilinku na Abuja hedikwatar sojan ruwa da ma'aikatar harkokin teku da aka kafa a 2023 ya tambayo mana na'urorin nutso marasa matuƙi nawa suke da su, wa ke gyara musu batura in sun lalace, kuma ko akwai jami'ar ƙasar nan da suke aiki da ita a kai. Sanatocinmu da 'yan majalisar Gombe da Bauchi su ma in an zo kare kasafin kuɗin rundunar su yi wannan tambayar. In an samo amsa a buga mana a wannan shafi.

Na gode, Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naka,
Mai haɗa sola da inbata,
Jekadafari, Gombe.